Teku mai nisa da ƙasar gona: abin da ke juya ruwan damina a Sudan

A watan Mayu na kowace shekara cibiyar ICPAC da ke Nairobi, wadda ke duba yanayi a madadin ƙasashen IGAD, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka, takan fitar da hasashen damina. A 2024 ta ce yawancin Sudan zai samu ruwa fiye da yadda aka saba. Ruwan kuwa ya zo, sai dai ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Cikin Agusta ya rusa gidaje a Abu Hamad, can arewa inda akan shekara ba a ga ruwan da zai kwantar da ƙura ba. Kafin watan ya ƙare kuma ya fasa madatsar Arba'at da ke shayar da birnin Fot Sudan.

Maganar ta rikita mutane da yawa. Wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya tashi yana jin cewa hamada na tahowa, ruwa na ja da baya. Yau kuma rediyo da waya suna cewa ɗumamar duniya ce ke kawo ambaliya, suna ta ambaton tekunan da ke can wata uwa duniya. A wata majalisa a Gadarif na ji wani dattijo ya katse jikansa da ke karanta masa irin wannan labari a waya: "Kai yaro, ina ruwan teku da gonata? Ni ban taɓa ganin teku ba sai a hanyar Makka." Yaron ya ce, "Wallahi Kaka, haka suka rubuta." Tambayar dattijon tana da amsa. Wani ɓangaren amsar yana teku, wani kuma yana cikin ƙasar da yake takawa kullum.

Iskar da ke da lokacinta

Kalmar da masana ke amfani da ita, monsun, asalinta Larabci ne: mausim, wato sanannen lokaci a shekara. Ana nufin iskar da ke sauya fuska idan lokaci ya sauya. Wasu watanni tana busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ta hamada. Wasu watannin kuma sai ta juyo daga kudu maso yamma ɗauke da laima. Bahaushe ya daɗe da saninta, ita ce iskar bazara da ke shelar cewa damina ta kusa, lokacin da maƙwabtanmu masu Larabci ke jiran rushash, yayyafin farko na kharif, wato damina.

Abin da ke juya ta shi ne ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Duk wanda ya taka yashi da rana tsaka sannan ya tsoma ƙafa a kogi ya san haka. Daga Afrilu zuwa Yuni hamada takan yi zafi ƙwarai, iskar da ke kanta ta yi sama ta bar gurbi, sai iska mai laima daga Tekun Atlantika da dazukan Kongo, da wani kaso daga Tekun Indiya, ta kwararo ta cike gurbin. Iyakar da busasshiyar iska da mai laima ke haɗuwa tana matsawa arewa sannu a hankali, ta kai ƙurewarta a Agusta, sannan ta koma kudu. Ruwa na bin bayan wannan iyaka.

Shi ya sa ruwan Sudan yake hawa-hawa kamar matakala. Damazin na samun kusan milimita 700 a shekara, Gadarif wajen 600, Khartum ba ta cika kai 200 ba, Wadi Halfa kuwa kusan babu. A irin wannan ƙasa, iyakar nan ta gaza da kilomita 100 ko 200 ba ƙaramin abu ba ne: garin da ya saba cika rumbu sai ya samu ruwan garin da ba a noma a cikinsa.

Tsofaffin manoma suna lissafin damina da taurari, Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da sauransu, kowanne kwana 13 ko kusa da haka. Lissafin yana nan da amfaninsa domin yana bin tafiyar rana, ita kuwa ba ta saɓa alkawari. Yana faɗin lokacin da ya kamata ruwa ya zo. Yawan ruwan da zai zo a bana kuwa wasu abubuwa ne ke tsayar da shi, babbansu teku.

Wane teku ya fi wane zafi

Kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin man fetur da kwal da gas ya tsare a duniya teku ne ya shanye shi. Teku mai ɗumi ya fi fitar da tururi, iska mai ɗumi kuma ta fi iya ɗaukarsa: duk ƙarin digiri ɗaya a ma'aunin Selshiyas yana ba iska damar riƙe ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100. Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce ɗumamar teku ƙarin ruwa ce ga kowa. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

Tekuna ba sa ɗumama daidai da juna. Hadari kuma kamar ɗan kasuwa yake, inda ciniki ya fi nan yake karkata, cinikinsa kuwa shi ne zafi da laima. Idan arewacin Atlantika da Bahar Rum suka fi kudancin teku ɗumi, sai su janyo iyakar damina zuwa arewa, yankin Sahel tun daga Senegal har Kassala ya sha ruwa. Idan kuwa mashigin Gini da kudancin Atlantika da Tekun Indiya ne suka yi zafi, sai hadari ya yi zamansa a kudu, iskar bazara ta iso mana a gajiye. Akwai kuma wani lahanin: idan tekunan tsakiyar duniya suka yi zafi baki ɗaya, sukan ɗumama iskar da ke can sama. Hadari yana hawa ne idan iskar ƙasa ta fi ta sama zafi sosai, to da sama ta ɗumama sai hawan ya yi wuya, sai an tara laima mai yawa kafin gajimare ya iya miƙewa. Tekun Indiya ya ƙara zafi da kusan digiri ɗaya daga 1951 zuwa 2015, fiye da matsakaicin sauran tekuna, don haka wannan lahani ya shafe mu kai tsaye.

Gardamar farin 1984

Shekarun 1950 shekarun ruwa ne a duk faɗin Sahel. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara raguwa, aka yi farin 1972 da 1973, sannan na 1984 wanda ya fi kowanne muni. Yunwar 1984 zuwa 1985 ta kwashi mutanen Darfur da Kordofan, dubbai suka yada zango a bayan Omdurman.

An yi gardama mai tsawo kan abin da ya jawo. A 1975 wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo bayanin da ya samu karɓuwa sosai: idan dabbobi suka cinye ciyawa aka sare itatuwa, ƙasa takan yi fari fat, ta riƙa mayar da hasken rana sama maimakon ta shanye shi, iskar da ke kanta ta rasa ƙarfin tashi, ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa. Da wannan bayani laifin ya faɗa kan makiyayi da manomi da mai yin gawayi, aka kuma gina shirye-shirye da yawa a kansa.

A 1986 Folland da Palmer da Parker, masana a hukumar yanayi ta Ingila, suka nuna cewa shekarun farin Sahel sun zo daidai da lokacin da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka gwada abin a kwamfuta: suka ba ta tarihin zafin tekuna kawai, ba su gaya mata komai game da kiwo ko saran itace ba, sai ga shi ta fitar da shekarun ruwa da na fari kusan yadda aka yi su. Shekarar 1984 kanta shekara ce da ruwan mashigin Gini ya yi ɗumin da ba a saba gani ba.

Me ya sanyaya tekun arewa a wancan lokaci? Nan ma ra'ayi biyu ne. Wasu sun ce juyin da Atlantika ya saba yi ne na shekaru gommai. Wasu sun ce hayaƙin masana'antun Turai da Amurka mai ɗauke da farar wuta ne ya tare hasken rana, da aka rage shi kuma daga shekarun 1980 sai tekun ya sake ɗumama, ruwan Sahel ya fara dawowa. Yawancin masana yau suna ganin duka biyun sun taka rawa.

A ganina hujja ta rinjaya a ɓangaren teku. Amma ba a jefar da maganar Charney ba: teku ne ya kunna farin, ƙasar da ta tsiraice ta ƙara masa tsawo da tsanani. Bambancin yana da muhimmanci, domin makiyayin Kordofan ya ɗauki shekaru yana ɗauke da laifin da mafi yawansa ba nasa ba ne.

El Nino da kogin Nilu

Bayan wannan doguwar tafiya ta shekaru gommai akwai ta shekara-shekara. Duk bayan shekara 2 zuwa 7 ruwan gabashin Tekun Fasifik yakan yi ɗumi, abin da ake kira El Nino. Idan ya yi sanyi fiye da ƙima kuma, La Nina ke nan. A shekarun El Nino daminar Sudan da ta tsaunukan Habasha takan yi rauni, kamar yadda aka gani a 1972 da 1987 da 2015. Elfatih Eltahir, ɗan Sudan da ya yi karatu a Jami'ar Khartum yake kuma koyarwa a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna a 1996 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hawa da saukar ruwan Nilu daga shekara zuwa shekara yana da alaƙa da El Nino.

Manyan ambaliyoyi biyu kuwa sun zo da La Nina. A daren 4 zuwa 5 ga Agustan 1988 Khartum ta sha sama da milimita 200, fiye da ruwanta na shekara guda. A Satumban 2020 Nilul Azraƙ, reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, ya haura mita 17 da rabi a Khartum, ya wuce alamar 1946 da ta 1988, gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Ga mutanen Mai Wurno da Sinnar da sauran garuruwan bakin kogi, ruwan da ya sauka a Habasha yana iya cinye gonar da ko ɗigo bai sauka a kanta ba. Yanzu kuma babbar madatsar Habasha, wadda aka fara cikawa a 2020, ta shiga tsakanin ruwan sama da kogin, don haka lokacin da aka buɗe ƙofofinta ya zama wani abin lura na daban.

Kashi ɗaya cikin huɗu dai ba duka ba ne. El Nino yana karkata damina, amma ba kowace shekararsa ce ake fari ba.

Ƙasar da hadari ke bi ta kanta

Teku yana faɗin girman daminar yanki baki ɗaya. Ba ya faɗin dalilin da ya sa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a wannan ƙauye, na gaba da shi kuma ko yayyafi bai samu ba. Wannan aikin danshin ƙasa ne, wato ruwan da ƙasa ke riƙe da shi tsakanin ƙwayoyinta.

Idan rana ta bugi jiƙaƙƙiyar ƙasa, yawancin zafin yakan tafi wajen mayar da ruwa tururi, ta ƙasar kanta da ta ganyen shuka, sai iskar wurin ta yi laima da ɗan sanyi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafo. Idan ta bugi busasshiyar ƙasa, zafin duka yana tafiya cikin iska, ta yi zafi ta tashi da ƙarfi amma babu laima. Hadari yana buƙatar duka biyun, laimar da zai ɗauka da zafin da zai ɗaga shi. A dajin Kongo ƙasa kullum a jiƙe take, a hamada kullum a bushe, don haka sauyin danshi bai cika yin tasiri ba. A tsakani ne yake da ƙarfi. Wani babban bincike da Randal Koster ya jagoranta a 2004 ya sa Sahel cikin wurare ƙalilan na duniya, tare da Indiya da filayen tsakiyar ƙasar Amurka, inda danshin ƙasa ya fi tasiri a kan ruwan sama.

Ta wace fuska yake tasirin? An daɗe ana ɗauka cewa ruwa na kiran ruwa: ƙasar da ta jiƙa ta ba iska laima, laimar ta dawo ruwa. Eltahir ma ya yi bayanin wannan a 1998, kuma a faɗin yanki mai ɗaruruwan kilomita bayanin yana nan daram. Daminar da ta fara da kyau tana ciyar da kanta, wadda ta fara da fari kuma tana wahalar farfaɗowa. Sai dai da Christopher Taylor da abokansa suka bi diddigin hadari kusan 4,000 ta tauraron ɗan'adam a yammacin Sahel, sakamakon da suka fitar a 2011 ya nuna wani abu daban a kusa-kusa. Sabon hadari ya fi son tashi a kan iyakar jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshiya, a tazarar kilomita 10 zuwa 40, kuma a ɓangaren da ya bushe. Damar tashinsa a irin wannan iyaka ta ninka ta wurin da danshinsa yake bai ɗaya. Dalilin shi ne iska mai sanyi da laima takan gangaro daga inda aka yi ruwa jiya, ta ci karo da iska mai zafi a kan busasshen wuri, ta yi sama. Wato ƙaramin monsun ne a cikin babba.

Maganganun biyu ba su ci karo ba, ma'auninsu ne daban. Manomin da ya ce "jiya an yi a gabas da mu, yau namu ne" yana da hujja fiye da yadda yake zato.

Irin ƙasar ma na da nata. Baƙar lakar Gadarif da Jazira takan tsattsage a rani har hannu ya shige tsagin zuwa gwiwar hannu. Ruwan farko yana zurarewa cikin tsagin, sama ta yi kamar ba a yi komai ba. Sai lakar ta kumbura ta rufe bakinta, daga nan kuma ba ta shan ruwa da sauri: abin da ya sauka sai ya kwanta ko ya gudu, mota da tarakta su kafe. Amma tana riƙe danshi makonni. Jigawar Kordofan, wadda ake kira goz, tana shanye ruwa nan take, samanta kuma ya bushe cikin kwana biyu ko uku. Ruwa iri ɗaya a kan waɗannan ƙasashe biyu ba ya mayar wa iska abu iri ɗaya.

Jazira ta sha, Gadarif ta samu

Misali mafi kusa yana cikin gida. Aikin noman ban-ruwa na Jazira ya fara a 1925 da gina madatsar Sinnar, da aka ƙara Manaƙil a wajen 1960 kuma ya kai kimanin fadan miliyan 2 (fadan ɗaya kusan eka ɗaya ne). Wannan fili ne babba da ɗan'adam ke jiƙawa da hannunsa a tsakiyar ƙasa mai zafi. A 2015 Ross Alter da Eun-Soon Im da Eltahir suka haɗa tarihin ma'aunan ruwan sama da gwajin kwamfuta, suka gano cewa ban-ruwan yana rage ruwan sama a kan Jazirar kanta, yana kuma ƙara shi a gabas da ita, wajen Gadarif. Filin da aka jiƙa ya yi sanyi, iska ta kwanta a kansa maimakon ta tashi, sai ta bazu gefe ta je ta tashi a wani wuri.

Ma'anar wannan ita ce dawa da riɗin da ake nomawa da ruwan sama a Gadarif, inda noman tarakta ya fara tun shekarun 1940, suna cin wani rabo daga magudanan Jazira. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya bar sashe babba na waɗannan magudanai babu gyara, hawashoshi, wato gonakin manoman aikin, da yawa babu shuka.

Inda aka dosa

Ruwan Sahel ya farfaɗo daga abin da aka gani a shekarun 1980, amma ya dawo da wani hali. Binciken Taylor na 2017 ya nuna cewa mafi tsananin hadarurrukan Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, ya kuma danganta hakan da yadda Sahara ke ƙara zafi fiye da ƙasashen kudu da ita.

Game da nan gaba, yawancin lissafin kwamfuta na nuna ƙarin ruwa a tsakiya da gabashin Sahel, inda Sudan take, da raguwa a can yamma wajen Senegal, tare da karkatar ruwan zuwa ƙarshen damina. Wasu lissafai kaɗan, kamar wanda Isaac Held da abokansa suka fitar a 2005, sun nuna bushewa mai tsanani. Saɓanin yana komawa ga tambayar da aka riga aka yi: tekun arewa ne zai fi saurin ɗumama ko na tsakiyar duniya? Abin da ɓangarorin suka haɗu a kai shi ne ruwan da zai sauka zai fi zuwa da ƙarfi a lokaci guda, zafi kuma zai riƙa kwashe danshin ƙasa da sauri tsakanin ruwa da ruwa.

Abin da ya isa gona da gida

Idan aka ce "fiye da yadda aka saba," jimillar ruwan wata huɗu ake nufi, a faɗin yanki, kuma magana ce ta rinjayen zato. Milimita 600 da suka sauka a ruwa 40 daban suke da 600 da suka sauka a ruwa 15. Na biyun yana iya haɗa wa manomi ambaliya da fari a gona ɗaya: ruwa ya kwanta ya kashe riɗi, wanda ba ya jure jiƙa, sannan a yi kwana 20 babu ɗigo lokacin da dawa ke fitar da kai. Ruwan da ya yi jinkirin ɗaukewa kuma yana samun riɗin da aka yanke aka jingina yana jiran bushewa.

Don haka hasashen wata huɗu ya fi amfani wajen zaɓen iri, mai saurin nuna ko mai nauyi, da yanke shawarar gonar tudu ko ta kwari. Ranar shuka kuwa hasashen mako ko kwana 10 ne ya fi dacewa da ita, tare da abin da manoma suka saba yi na tona ƙasa da hannu a ga iyakar inda danshi ya kai. Ganuwar ƙasa ta tare ruwa da manoman Kassala ke kira teras, da barin kara a gona, da itatuwan hashab da ke ba da ƙaro, duk suna rage gudun ruwa suna tsawaita danshi. Ba za su juya teku ba, amma suna iya raba shuka da mutuwa a makonnin da sama ta yi shiru.

Makiyayi abin da ya dame shi shi ne lokacin da hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, zai cika da lokacin da ciyawa za ta fito a filayen kiwo na Butana, domin jinkirin mako biyu yana tsayar da garke kusa da gonaki fiye da yadda aka saba, daga nan kuma rigima ke tashi. Mai gida a bakin khor, wato ƙoramar da ke gudu da damina kawai, ko a gefen kogin Gash a Kassala, ko a Tokar da Khor Baraka ya shafe a 2024, ruwan da ya sauka a kan duwatsun da ba ya gani ne ke iso masa cikin dare. Gidajen laka na arewa an gina su ne don ƙasar da ba a ruwa, ga shi kuma bayan ambaliya sauro da kwalara ke biyowa, kamar yadda aka gani a Kassala da Gadarif a 2024.

Duk wannan lissafi yana dogara ga ma'auni. Tauraron ɗan'adam yana ganin zafin teku da kan gajimare, yana kuma ƙiyasta danshin 'yan santimitocin saman ƙasa, amma sai an gwada abin da ya gani da abin da ya taru a ma'aunin ruwan sama a ƙasa. Tashoshin da ke wannan aiki a Sudan tun can ba su da yawa, yaƙi kuma ya dakatar da da yawa daga cikinsu a Khartum da Darfur da Kordofan, wato a daidai ƙasar da iyakar damina ke kai-komo a kanta.